Yadda Zanen Gidan Jere Ya Koma Faya-fayai

Amarya Lombe Chisanga ta shiga bikin kicinta, wato bikin da mata ke tara wa amarya kayan girki, ranar Asabar a ƙarƙashin lulluɓin da ba a taɓa ganin irinsa a Mufulira ba. Sabon zane ne, amma an rataya masa faya-fayan ɗora tukunya guda tamanin, suna lilo suna bugun juna duk takun da ta yi. Kafin rana ta faɗi ko ɗaya bai rage a jikin zanen ba, baƙi sun tafi da su gidajensu. Ba a yi faɗa ba, ba a fasa aure ba, uwar ango ma ta fi kowa daɗewa a fagen rawa. Sai dai zanen da aka shirya tun farko za a lulluɓe amaryar da shi, wanda ya yi shekara arba'in yana rufe amaren gidan Jere na Chipata, ya riga ya gamu da almakashi tun makonni kafin ranar. Wadda ta riƙe almakashin kuwa yayar uwar amarya ce, Bana Kasonde ta unguwar Kamuchanga.

Wanda ya san Bana Kasonde ya san ba mace ba ce mai ɓarna. A gidanta ba a zubar da komai. Gwangwanin madara ya zama tukunyar fure, tsofaffin ledoji a yayyanka su a saƙa tabarmar bakin ƙofa, katin gayyatar bara a juya bayansa ya zama katin Kirsimetin bana. Mijinta, wanda ya yi ritaya daga aikin haƙar tagulla, yakan ce shi ma ba ya yarda ya daɗe a zaune wuri ɗaya, kada a rufe shi da ƙyalle a ba wani kyauta.

Shi ya sa ranar da matan dangi suka zauna rabon aikin biki, ba a ɓata lokaci a kan tsarabar baƙi ba. Wannan ta ɗauki kaji, waccan ta ɗauki rumfa da kujeru, Nakamba ta ɗauki ganguna kamar yadda ta saba, Mwila uwar amarya ta zaɓi atamfar anko, ruwan lemo mai ganye. Da aka zo kan abin da kowace baƙuwa za ta riƙe a hannu ta koma gida da shi, Mwila ta ce, "Wannan na Yaya ne," aka wuce.

Bana Kasonde ta tsai da shawara a kan faifan murafe. Aiki ne da ba ya cin kuɗi, ido yake ci da lokaci. A tsinto murafen kwalaben lemo a shaguna, a tafasa su da sabulu, a shanya a kan rufin kwano. A kifa kofin shayi a kan ƙyalle, a zagaye bakinsa da guntun sabulu, a yanke. A bi gefen da allura, a sa murfi a tsaka, a ja zare, sai ƙyallen ya tsuke kamar bakin jaka. Murfi ɗaya a tsakiya, shida su kewaye shi, goma sha biyu su kewaye shidan. An samu faifan da za a sauke tukunya a kai ba ta ƙona tebur ba.

Telolin da suka ɗinka ankon sun tara mata ƙyallaye buhu guda, amma duk launi ɗaya ne. Ta haɗa faifai na gwaji, ta ɗaga shi a rana, ta taɓe baki. Ruwan lemo tun daga tsakiya har gefe, ba inda ido zai tsaya. Layin shidan nan na ciki yana bukatar launi mai duhu, ita kuwa ba ta da niyyar sayen yadi don a yanka shi gunduwa-gunduwa.

Ana cikin haka buhun gyaɗa ya iso daga Chipata, gudunmawar Amai Jere, uwar ango Limbikani. A gidan Bana Kasonde aka sauke shi, don ita za ta daka gyaɗar miyar biki. Da ta kwance bakin buhun sai ga tsohon zane a ninke a saman gyaɗar, shuɗi mai ɗigon fari kamar gashin zabuwa. Ya sha wanki har ya yi laushi, gefensa ya fara zarewa, ga 'yar ƙuna a kusurwa ɗaya.

"Ka ga mutanen gabas," ta ce da mijinta. "Tsummansu ma sai ya hau mota ya zo ganin birni."

"Bakin buhu suka toshe da shi."

"To sun toshe, Allah ya saka musu. Miƙo mini kofin can."

Tsakanin ƙabilar Bemba da ta Ngoni wasa ne tun kaka da kakanni. Ngoni na kiran Bemba ɓarayi masu cin biri, Bemba na kiran Ngoni ƙauyawa masu cin ɓera, kuma wanda ya yi fushi shi aka ci. Bana Kasonde Bemba ce gaba da baya, gidan Jere kuwa Ngoni ne, saboda haka tana yankan zanen tana tanadin irin tsiyar da za ta yi wa mai shi idan ta zo. Shuɗin ya zauna a cikin ruwan lemon kamar don shi aka saƙa shi. Ta gama faifai tamanin, ta jera su a babban baho, ta rufe, ta bar ɗaya a kan teburinta.

Ranar Juma'a da azahar Amai Jere ta iso. Gajeriyar mace ce mai tabarau, manomiyar gyaɗa, tafiyarta a hankali, maganarta ma haka. Gidan Mwila ya cika da hayaƙi da gashin kaji, sai aka kawo ta gidan Bana Kasonde shan shayi.

"Sannu da hanya, 'yar ƙauye," in ji Bana Kasonde tun daga bakin ƙofa. "Yau dai kin ga kwalta."

"Na gani. Tun daga Kapiri na rungume jakata, an ce daga nan ƙasar ɓarayi ta fara."

"Ina ɓerayen guzuri? Ko kin cinye a mota?"

"Na rage miki biyu, ki ɗan huta da biri."

Mwila, wadda surukuta ta ɗaure wa baki, ba ta iya sa nata ba, sai murmushi take tana yanka burodi. Aka sha kofin farko, aka tambayi damina, aka tambayi mutanen gida. Can Amai Jere ta juya wajen Mwila.

"Af, zanen nan. Ina fata an goge shi? Kada a sa masa dutse mai zafi, ya tsufa."

"Wane zane, Mama?"

"Wanda na gaya miki a waya. Na lulluɓi. A bakin buhun gyaɗa na sa shi don kada a ɗauke a mota. Wa zai buɗe buhun gyaɗa yana neman dukiya?"

Mwila ta dubi yayarta. Bana Kasonde ta dubi butar shayi. Butar na zaune ne a kan faifan nan ɗaya da ta bari a tebur, gindinta ya rufe layin shuɗin daidai.

"Uwata ta saye shi da kuɗin ganyen tabar farko da ta noma," Amai Jere ta ci gaba. "A ƙarƙashinsa na shiga gidan Jere. 'Ya'yana mata biyu a ƙarƙashinsa suka fita, matan 'ya'yana biyu a ƙarƙashinsa suka shigo. Har yau ba wadda ta shiga cikinsa ta dawo gida da akwati. Ba na cewa zane ne ke riƙe aure, amma dai ba a gwada ba shi ba. Ƙaro mini shayin."

Mwila ta miƙa hannu, Bana Kasonde ta dafe murfin butar.

"Bar shi ya ƙara jiƙa."

"Ya jiƙu tun ɗazu, Yaya."

"Na ce ki bar shi."

"Ikon Allah," in ji Amai Jere. "Rowar shayi ma kun fara?" Ta ɗaga butar da kanta ta zuba. Ba ta mayar da ita nan take ba. Ta gyara tabarau, ta dubi faifan, ta daɗe tana dubansa.

"Aikin hannun wa?"

"Nawa," in ji Bana Kasonde.

"Ya yi kyau."

Ta mayar da butar, ta shanye shayinta, ta yi godiya. A bakin ƙofa ta ce gobe da safe za ta zo ta karɓi zanen, da hannunta take son ta ɗora wa yarinyar.

Ko ƙarshen layi ba ta kai ba Mwila ta ja yayarta bayan ɗaki, wajen famfo.

"Yaya, ina zanen?"

Bana Kasonde ta shiga ta fito da bahon, ta buɗe. Sannan ta zaro ragowar zanen daga buhun ƙyallaye ta ware shi. Ramuka ne zalla a jere, kamar rariya.

Mwila ta ɗora hannu a ka. "Yaya, kin kashe ni!"

"Ni na kashe ki? Wa aka gaya wa a waya?"

"Ina tsakiyar cinikin kaji ne! Na ji an ce buhu, na ji an ce gyaɗa, na ce to, to, na gode."

"To ga to ɗinki nan a baho."

"Mu ce ɓera ya ci."

"Ga 'yar Ngoni? Cewa za ta yi a kawo ɓeran ta cinye kayanta."

Mwila ta so ta yi dariya, dariyar ta ƙi zuwa. Ta zauna a kan dutsen wanki. "Ba kaina nake ji ba. Lombe ce za ta zauna da su. Ran da tuwonta ya yi gudaji, ran da suka yi 'yar cacar baki da mijinta, za a ce ai dama ba ta shiga ƙarƙashin zanen ba, danginta sun yanka shi sun yi matashin tukunya. Har jikokinta sai sun ji wannan labarin."

Wannan ne ya zauna wa Bana Kasonde a rai. Ita ta yi wa Lombe wankan jego, ita ta ɗinka mata jakar makaranta ta farko da buhun siminti. Ta cire ƙyalle ɗaya daga murfinsa, ta ƙulle a bakin zane, ta nufi kasuwa tun rana na da saura. Tsohuwar da ta fi kowa daɗewa a layin atamfa ta murza ƙyallen a yatsunta, ta ce masaƙar da ke yin wannan ta rufe tun ba a haifi amaryar ba. Ta nuna mata wani shuɗi mai kama da shi, ta ce in an jiƙa shi a ruwan toka aka shanya a rana zai yi fuskar tsufa. Bana Kasonde ta ɗaga shi, ta ajiye. Matar da ta yi shekara arba'in tana wanke zane, ko ido a rufe ta taɓa shi ta san nata.

Asabar da sassafe ta tara matan dangi a gindin mangwaron gidanta. Ta shimfiɗa turmin ankon da ya yi saura a ƙasa, ta juye faya-fayan a kai, ta raba reza. Shawararta ita ce a farke su duka, a cire shuɗin, a goge, a harhaɗa ya koma zane ko yaya ne.

Nakamba mai ganga ta ɗaga faifai ɗaya tana juyawa. "Bana Kasonde, kin taɓa ganin an ɗinke ƙwai da ƙwai? Abu mai zagaye ba ya haɗa baki. Kuma in mun farke, baƙi su tafi da me? Da murafen kwalba tsirara?"

"To kawo taki dabarar."

Nakamba ta ɗauki ragowar zanen ta yafa a kanta, ido ɗaya na leƙowa ta wani rami, hanci ta wani. "Ga ta nan. Mu rufe ta da wannan. Ango ya huta, tun daga bakin titi zai gane matarsa."

Mata suka kwashe da dariya, har da mai riƙe ciki. Dariyar ta yanke daga gefen ƙofa ta biyo layi. Amai Jere ce tsaye, jakarta a hammata.

Nakamba ta sauke ƙyallen a hankali kamar mai sauke kwandon ƙwai. Bana Kasonde ta ce a ranta ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta tashi, ta je gaban baƙuwar, ta durƙusa a kan gwiwoyin da suka daɗe ba sa son durƙuso, ta tafa hannu irin na ban girma. Ta faɗi abin da ya faru tun daga kwance bakin buhu har zuwa kofin shayi. Ba ta ambaci waya ba, ba ta ambaci cinikin kaji ba.

"Tun jiya na gane shi," in ji Amai Jere.

"To me ya hana ki magana?"

"Na ce bari ɓarauniya ta kwana da abinta a ciki. Ni ban runtsa ba, don me ke za ki runtsa?"

Ta karɓi ragowar zanen daga hannun Nakamba, ta bi gefensa da yatsa har ta kai kusurwar nan. Almakashi ya kauce wa ƙunar, tana nan yadda take.

"Ranar bikina ƙanwar mijina ta zo wucewa da kaskon wuta, garwashi ya faɗo a nan. Ina ciki ina jin ƙauri, ba halin in motsa." Ta ninke shi sau huɗu ta sa a jaka, ta ja zif. "Ba zan ce miki bai yi mini zafi ba."

Wata kaza ta ratsa ta tsakiyar taron ba wadda ta kore ta.

"Tashi, tsohuwa, kafin a nemo masu ɗaga ki. Aikin gama ya gama. Abin da nake tambaya shi ne, da me za a rufe mini yarinya yau?"

Bana Kasonde ta dafa kujera ta miƙe. Daga tsaye ta ga abin da ba ta gani ba tana zaune: faya-fayan a baje a kan sabon turmin, ruwan lemo ya ɓace cikin ruwan lemo, shuɗin kawai ke fitowa, zobe-zobe, daga wannan gefe zuwa wancan.

"Zanenki na nan," ta ce. "Bai je ko'ina ba, rarrabuwa ya yi. In muka jera su a kan wannan, muka kama kowanne da zare ɗaya, yarinya ta shiga ƙarƙashinsa ke nan. In ango ya buɗe ta, sai a yanke a ba baƙi."

Amai Jere ta zagaya turmin, ta tsaya ta wancan gefen, ta karkata kai.

"Wato ki sace mini zane, ki yanka, sannan ki raba wa 'yan'uwanki ɓarayi ina kallo."

"Ba kyauta ba. Ba wadda za ta samu sai ta yi rawa a gabanki."

"Almakashin a hannun wa?"

"A hannunki."

"Wadda rawarta ba ta yi mini ba fa?"

"Ta sake."

"Ke za ki fara. Kuma ba wannan karkaɗa ƙugun naku ba. Tamu za ki yi, ta buga ƙafa, sai ƙasa ta amsa."

"Haba, 'yar ƙauye, gwiwata fa?"

"Gwiwar ba ta hana ki durƙusawa ki yanka ba. Wa ke da allura? Ku ba ni mai babban ido, nawa idanun sun tafi."

Aka matsa mata wuri. Mata goma sha wani abu suka kewaye turmin, kowacce da allurarta, ana kama kowane faifai ta sama kawai don yankan ya zo da sauƙi. Amai Jere ta ce ɗinkin Bemba kamar alkawarinsu yake, da ka ja ya warware. Nakamba ta ce gara su, su dai ba sa ajiye gadon gidansu a cikin abincin ɓera. Mwila ta iso a guje da man kaji a hannu, ta tarar da surukarta a zaune a ƙasa tana tsinke zare da haƙori, ta tsaya baki buɗe.

"Rufe bakin, 'yata," in ji Amai Jere. "Gobe in na kira ki, ki ajiye kazar tukuna."

Kafin rana ta take tsaka an gama. Da mata biyu suka ɗaga shi, sai da suka sake gyara riƙo. Faya-fayan suka kwanta a kan juna kamar ɓawon kifi.

A bayan gidan Mwila aka kafa rumfar. Kyaututtuka sun cika tebur biyu, tukwane da kwanoni da muciya da turmi da injin markaɗe, kowanne da sunan mai shi. Nakamba da 'yan'uwanta suka ɗumama fatun ganguna a bakin wuta, suka fara. Aka fito da Lombe daga ɗaki, Amai Jere ta ɗora mata lulluɓin da hannunta kamar yadda ta ce. Bana Kasonde na riƙe da gefe ɗaya, ta ji murya daga ciki ƙasa-ƙasa.

"Inna, me kuka ɗora mini? Wuyana zai karye."

"Albarka ce. Yi shiru ki sunkuya."

"Albarkar ce ke ƙara haka?"

Amarya ba ta magana, ba ta ɗaga kai, ba ta dariya, wannan kowa ya sani. Daga nan Lombe ta kiyaye biyun farko. Amma tun daga ƙofar ɗaki har tabarmar da za ta zauna, duk taku sai faya-fayan su ce ƙwas-ƙwas, Nakamba kuwa ta gyara kiɗanta ya bi sautin. Da aka zaunar da ita ƙarar ba ta tsaya ba, kafaɗunta ne ke rawa a ciki. Dattijuwar da ke riƙe da ita ta mintsine ta, ƙarar ta ƙaru.

Ango Limbikani ya shigo da fure a hannu, 'yan'uwansa mata na guɗa a bayansa. Ya durƙusa zai naɗe lulluɓin daga ƙafa zuwa kai kamar yadda aka koya masa, sai abin ya ƙi naɗuwa. Ya gwada ta dama, ya gwada ta hagu, ya ɗaga ido ya dubi uwarsa.

"Mama, wannan ba namu ba ne."

"Namu ne. Birni ya zo ya waye. Ɗaga da hannu biyu."

Ya ɗaga da hannu biyu. Ga Lombe, hawaye shaɓe-shaɓe, leɓe a cije. Rumfa ta ɗauki guɗa. Ya ba ta furen, aka raka shi waje, wuri ya koma na mata.

Aka rataye lulluɓin a igiya kusa da teburin kyaututtuka, aka ajiye wa Amai Jere kujera a gindinsa. Ta zaro almakashi, wanda dai ya yi ɓarnar, ta ɗora a cinya. Faifan farko ta yanke shi ba rawa, ta sa a hannun Lombe. Sannan ta nuna Bana Kasonde da tsinin almakashin.

Bana Kasonde ta tuɓe takalma, ta ɗaure zane a ƙugu, ta shiga fage. Ta buga ƙafar dama, ta buga ta hagu.

"Ban ji ba," in ji Amai Jere. "Ƙwai take takawa?"

Ta sake bugawa, ƙura ta tashi.

"Yauwa, biri ya fara narkewa a cikin. Ƙara!"

Ta ƙara har ɗankwalinta ya faɗi, har Amai Jere ta kasa zama, ta ajiye almakashin ta shigo fagen don ta nuna mata yadda ake yi. Suka yi ta buga ƙasa suna fuskantar juna, tsofaffi biyu, kowacce na jiran ɗayar ta fara gajiya. Nakamba ce ta raba su, ta ce fatar gangarta ba ta gado ba ce.

Daga nan aka shiga kiran suna. Kowace mace ta fito, ta buɗe kyautarta, ta nuna wa amarya amfaninta, ta yi rawa, sannan ta tsaya a gaban kujerar Amai Jere. Wasu sun samu a karon farko. Matar wani babban ma'aikaci, wadda ta kawo injin markaɗe, ta ɗan girgiza kafaɗa ta miƙa hannu, aka ce ta koma. Ta koma, ta cire dogon takalmi, ta yi ta gaske. Wata tsohuwa da ba ta iya tashi ba ta yi tata da kafaɗu daga kujera, aka kai mata nata har inda take. Waɗanda suka saba barin tsarabar biki a ƙarƙashin kujera, ranar a cikin jaka suka sa ta suka ja zif. Biyu sun yi rawa sau biyu da sunan maƙwabta, Amai Jere ta gane su, ta ce ba ta yi mamaki ba, ta san ƙasar da ta zo.

Rana ta yi sanyi, an ci an sha munkoyo, kunun zaƙin ƙasar, igiya ba komai sai turmin anko da guntayen zare. Mata sun fara neman takalmansu ke nan Amai Jere ta sa aka tsai da ganga.

"Kafin ku watse. Abin da kuka sa a jakunkunanku aro ne. Autata Tikondane za ta yi aure a Chipata bayan girbi, kuma ba za ta fita gidana da kai a buɗe ba. Kowacce ta mayar wa wannan ɓarauniyar nata, ta sake ɗinke su, ta kawo mini da ƙafarta. In an gama biki a dawo muku da su. Wadda ta ƙona nata da tukunya, ta zo Chipata ta yi mini bayani da bakinta."

Mata suka yi dariya, suka ce to, to, suka tafi.

Bana Kasonde ta fara bin gidaje tun da aka shiga sabuwar shekara, da bahonta a ka. Na Kamuchanga da Kantanshi ba su ba ta wahala ba, ko da yake wasu sai da ta sha shayi sau biyu kafin su tuna inda suka ajiye. Na Kitwe sun aiko da nasu a mota. Uku sun dawo da tabon gindin tukunya, ta wanke abin da ya wanku. Zuwa makon jiya bahon na ɗauke da saba'in da tara. Na cikon yana hannun wata 'yar kasuwa da ta yi rawa da kyau ranar, ta tsallaka Kongo da kayan gwanjo, kuma har yanzu ba a samu wanda ya san ta ɓangaren wa aka gayyace ta ba.